Mai fushin haya

Salamu alaikum mutanen Zazzau. Ba da kowa nake ba, amma dai wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Shekaranjiya magana ɗaya tak na yi. Na ce tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da ke ɗaukar mutum daga Ƙofar Doka har Samaru, yau da ƙyar ya sauke shi a PZ. Ban kama sunan gwamna ba, ban ambaci jam'iyya ba. Kafin a kira la'asar wani bawan Allah ya riga ya yanke mini hukunci: ni sayayye ne, ɗan maula, maƙiyin ci gaban Zazzau. Duk na shanye, har dariya na yi. Sai ya rufe da cewa ba laifina ba ne, tarbiyyar gida ce.

Gidan namu. To, madalla.

Bari in gaya wa waɗanda ba su san harkar ba. Akwai mai fushi, akwai mai fushin haya. Mai fushin haya kamar direban Keke Napep yake: keken ba nasa ba ne, yini zai yi yana zagaye gari da shi, da yamma ya kai wa mai shi balas. Shi ma haka. Ya wayi gari ya duba wa aka ce a ci wa mutunci yau, ya zage dantse, sannan ya ɗauki hoton zagin ya tura wa oga ko a tuna da shi a ƙarshen wata. Ranar da data ta ƙare, fushin ma ya ƙare. Ku lura da kyau, akwai kwanakin da za ku ji shi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba shiryuwa ba ce, alat ne bai shigo ba.

Kuma ai duk mun san tarihi, Zariya ba ta da girman da za a ɓuya. A 2011 yana ƙarƙashin lema, wai Namadi Sambo ɗan gari ne, duk wanda bai bi ba ba ya kishin gida. A 2015 ya ɗauki tsintsiya, kowa ya ƙi yin sak sai ya kusa fitar da shi daga Musulunci. A 2023 da idona na gan shi da hula biyu, ɗaya a ka, ɗaya a aljihu, yana jiran a faɗi sakamako tsakanin Uba Sani da Isa Ashiru, don ya ga tazarar ba yawa. Yanzu kuma na ji ana ɗinka wata sabuwa. Kai ɗaya, hula huɗu. Allah Ya ƙara rufin asiri.

Abin dariyar, waɗanda yake kashe kansa dominsu ba su san yana yi ba. El-Rufai da Uba Sani jiya tare, yau kowa ya kama gabansa. El-Rufai da Atiku an daɗe ba a ga maciji, ga shi a 2025 an zauna inuwa ɗaya. Manya su shirya a falo da shayi mai madara, shi kuwa an bar shi da gabar maƙwabta, da mutanen da ba zai iya haɗa ido da su a wurin ɗaurin aure ba.

Wai har yana kiran kansa ɗan gwagwarmaya. A garin Hajiya Gambo Sawaba! Matar da aka ɗaure sau 16 saboda jam'iyyar NEPU, aka yi mata duka, aka aske mata kai, ba ta taɓa sauya sheƙa don a cika mata jaka ba. Shi ya sa yau sunanta ke kan asibitin Ƙofar Gayan. Ba na cewa siyasar wancan zamanin lafiya lau aka yi ta, an fasa kawuna, an raba aure, an kori mutane daga garuruwansu. Amma wanda ya zage ka a lokacin, a gabanka yake tsaye, kuma abin da ya faɗa nasa ne, ba aro ya yi ba. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wani ɗan garin kuwa ya juya sunan, a wurinsa kwabon ne a gaba.

Na ce ba zan yi zafi ba, amma wallahi abin ya tsaya mini a rai. Kai, gidan da ka ce ba tarbiyya, tuwonsa nawa ka ci? Tsohon nan da ka taɓa, mahaifina, shekararsa shida a ƙasa. Ɗan PRP ne na a-mutu, ranar da majalisa ta tsige Balarabe Musa a 1981 an ce ko abinci bai iya ci ba, kuma maƙwabcinsa na jikin katanga ɗan NPN ne. Sun yi musu har muryoyinsu suka dushe, amma maƙwabcin nan ne ya yi wa yayata walicci. Tarbiyyar da aka ba ni ke nan. Ita ce ta hana ni rubuta sunanka yau, ba tsoro ba. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyarka a asibitin Shika, wa ya kwana biyu a kan benci? Ogan naka ya zo? Ko waya ya ɗaga?

Kuma masu cewa ni ma ai ina da nawa gwanin, e, ina da shi. Na yi layi a rana na zaɓe shi, ya yi ba daidai ba na faɗa da bakina a majalisarmu ta Tudun Wada, kowa shaida ne. Ba wanda ya taɓa saka mini kati don in yabe shi. Fushina nawa ne, ba na kai wa kowa balas.

Masu turo mini saƙo wai in yi haƙuri yaro ne: yaron da ke da 'ya'ya uku? Na dai ji, na gode.

Gobe Juma'a. Na san za mu haɗu a Babban Dodo bayan an sauko, kuma na san za ka rusuna ka ce "Yaya, barka da Juma'a" kamar ba kai ba. Zan amsa, ba komai. Sai dai ka taho mini da dubu ukun da ka ranta ranar Lahadi ka ce za ka sa data.