A daina tura masu burin likitanci Depot da alkawarin karatu

Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta buɗe shafin ɗaukar kurata, wata shawara ce ke cika Facebook da zaurukan WhatsApp na unguwa. Yaro ya zauna JAMB sau biyu, ya nemi likitanci, jami'a ta ba shi wani kwas da bai nema ba ko ta ƙi ɗaukarsa sam, sai kawu ko babban wa ya ce masa: "Kai, ka shiga soja tukuna. In ka yi 'yan shekaru su da kansu za su ɗauki nauyin karatunka." Washegari ka gan shi a shagon intanet da takardar WAEC da lambar NIN yana cike fom, yana ganin ya gano gajeriyar hanya. Wannan shawara tana ɓata min rai, domin yawancin masu ba da ita ba su taɓa tambayar inda ta samo asali ba.

Daga Amurka aka aro ta, kuma can tana da tushe. Akwai dokar GI Bill, wadda aka sabunta a 2008, da ke biya wa wanda ya yi aikin soja kuɗin makaranta na wata 36 har da na haya. Akwai shirin HPSP: soja su biya wa ɗalibin likitanci kuɗin makaranta, su riƙa ba shi alawus duk wata, shi kuma ya yi musu aiki shekara guda a madadin kowace shekarar da aka biya. Suna ma da jami'ar likitanci ta sojoji a Bethesda, jihar Maryland, tun 1972, inda ɗalibi ba ya biyan ko sisi, yana karɓar albashin hafsa, ya yi aikin shekara bakwai bayan ya gama. Sannan a can sai mutum ya yi digirin farko kafin ya shiga makarantar likitanci, don haka ganin ɗan shekara 28 a ajin farko ba abin mamaki ba ne. Duk wannan a rubuce yake, mutum na sanin abin da zai samu kafin ya sa hannu.

Mu fa? Ba mu da doka irin GI Bill. Ƙofar likitanci a nan JAMB ce, da Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, sakamakon kuma shekara ɗaya yake aiki. Bayan ta ga tantancewar jami'a, ga ƙayyadaddun guraben da majalisar likitoci ta MDCN ke ware wa kowace makaranta. Shekarun da soja ke ɗaukar kurtu marar sana'a, 18 zuwa 22, su ne daidai shekarun da karatun sakandare ke nan ɗanye a kan yaro. A waɗannan shekarun ake cewa ya tafi Depot, sansanin horar da kurata a Zariya, a aske masa kai, ya yi wata shida yana gudun asuba da fareti da koyon harbi, daga nan a tura shi inda rundunar ke da buƙata. Kowa ya san inda buƙatar take a yau: Borno da Yobe, Zamfara da Katsina. Wanda ke gadi a shingen hanya tsakanin Damboa da Biu, yana kwana da takalmi a ƙafa, a ina zai buɗe littafin kemistiri ya yi gogayya da yaron da ya shekara yana lesin a Kano? Taura biyu ba ta taunuwa.

A ce ma ya yi ƙoƙari ya ci. Soja ba ya tafiya karatu sai da izinin rundunar, kuma likitanci shekara shida ne cur, safe da yamma, ɗakin gwaji da zagayen marasa lafiya. Ba kwas ba ne da ake yi ta jami'ar karatu daga gida. In ya ajiye kaki ya tafi ba tare da sallama ba, ya zama gudajje, dokar soja kuma ba ta wasa da wannan. In ya jira har ya samu sallama, to ya yi aure, ga yara, ga iyaye sun saba da ɗan abin da yake aikowa ƙarshen wata. A ɗora shekara shida a kai, da shekarar horon asibiti, da yajin aiki irin na ASUU da ya ci wata takwas a 2022. Mutum nawa ne za su iya komawa aji a wannan hali?

Masu cewa soja zai gyara masa tarbiyya ya koya masa juriya, ai ɗalibin da ya haye jarrabawar MB ta biyu, wadda ɗaliban likitanci ke yi kafin su fara zagayen marasa lafiya, ba ya buƙatar kowa ya koya masa juriya. Masu kawo zancen kishin ƙasa kuwa, ban ga kishin da ya wuce ɗinke sojan da aka kawo jina-jina daga daji ba.

Abin takaicin shi ne hanyar da ta dace a buɗe take. Rundunar na ɗaukar ƙwararru ta tsarin DSSC, likitoci na ciki. Wanda ya gama karatunsa ya samu lasisi zai shiga a matsayin hafsa bayan horon 'yan watanni, ya yi aiki a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna ko na 68 da ke Yaba a Legas, ko a fagen daga. Ya samu kakin, ya samu likitancin. Wanda ya fara da Depot kuwa ya kama ɗaya ne ya sa ɗayan a caca.

Na san abin da ke ƙarƙashin shawarar: talauci. Uba na son albashin da zai fara shigowa bana, ba na shekara takwas masu zuwa ba, kuma ba na ganin laifinsa. Amma a faɗa wa yaron gaskiya, a ce masa gida na buƙatarsa. Aikin soja aiki ne mai daraja ga wanda ya zaɓe shi da idonsa a buɗe. Yaudara ce a sayar masa da shi da sunan matakalar likitanci.

Hukumomi ma ba su fita ba. A 2023 ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin tilasta wa sabbin likitoci aikin shekara biyar a gida kafin a ba su cikakken lasisi, don hana su ficewa waje. Tilas kawai, ba tare da an fara ba su komai ba. Amurkan da ake kwaikwayo biya take yi tukuna, sannan ta nemi aiki. In rundunar na son likitoci da gaske, ta je ABU da BUK da Jami'ar Maiduguri da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ta ɗauki nauyin ɗaliban da suka riga suka samu gurbi, da yarjejeniya a rubuce, ta kuma tallata shi da ƙarfin da take tallata ɗaukar kurata. Kafin nan, ga bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Yaron da ya rasa gurbi bana ya sake sayen fom ɗin JAMB, kawunsa kuma ya taimaka masa da kuɗin lesin.