Kariyar da mace ke jin tsoronta

Tun jiya da wani saurayi ya watsa hirarrakinsa da budurwarsa da ta ce ta fasa soyayya da shi, har da saƙon muryar da ta tura masa tana kuka, nake jin maza suna wanke shi, wai shekara biyu ya yi yana ba ta kariya, don haka yana da hujjar yin fushi. Wannan magana ta fi ɓata mini rai a kan abin da ya aikata, domin shi mutum ɗaya ne, masu goya masa baya kuwa sun nuna cewa da yawa daga cikinmu ba mu san ma'anar kalmar da muke tinƙaho da ita ba.

Duk namijin da ya ce shi garkuwa ne ga mace, abu na farko da ya wajaba ya kare ta daga gare shi shi ne kansa: hannunsa, harshensa, zuciyarsa idan ta tashi, da wayar da ke aljihunsa. Sirrin da ta ba shi lokacin da ta yarda da shi amana ce, kuma rabuwa ba ta sauke masa wannan amana. Wanda ya raka ta har ƙofar gida da daddare don kada wani ya tare ta, sannan ya tona mata asiri a gaban dubban mutane ranar da ta ƙi shi, gadin abin da ya ɗauka mallakarsa ne ya yi ta yi tun farko.

Na taɓa zama kusa da wata yarinya da wayarta ta yi ƙara, ta duba sunan mai kiran, na ga hannunta yana rawa. Kafin ta ɗauka sai da ta yi sauri ta goge wani saƙo da abokin karatunta ya aiko a kan jarrabawa, domin saurayinta yana da lambar sirrin wayarta, kuma ya sa ta bar masa manhajar da ke nuna inda take a kowane lokaci. Shi ma kariya yake kiran abin.

Masu cewa kishi alamar so ne su dubi alƙaluma. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mace ɗaya cikin kowace uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, kuma mafi yawansu a hannun miji ko saurayi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kashe mata da 'yan mata kimanin 51,100 a hannun abokan zamansu ko danginsu, wato kusan 140 a kowace rana. Haɗarin da muke cika baki za mu tare mata a kan titi, sau da yawa yana zaune ne a gefenta yana kiranta masoyiya.

Su kuma masu cewa matan zamani suna da aikinsu da kuɗinsu, ba su da buƙatar kariyar kowa, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Mai albashi ma tana son wanda zai tsaya mata idan ana cin mutuncinta, ya rufa mata asiri idan ta yi kuskure, ya bar ta ta tafi lafiya idan ta ce ba ta yi.

Saƙon muryar nan sau uku ya shigo wayata, kuma biyu daga cikin waɗanda suka turo mini suna da 'ya'ya mata a gida. Na goge shi, na kuma kira kowannensu na roƙe shi ya goge nasa.