Hanyar dajin Nyungwe ba filin tsere kaɗai ba ce

Na karanta labarinku kan yadda Ruwanda ke jan masu tseren keke bayan gasar duniya ta Kigali a 2025, ta farko a Afirka. Abin alfahari ne wallahi. Amma hankalina yana kan titin Huye zuwa Rusizi da ya ratsa dajin Nyungwe. Hawa da gangara ne, kwana bisa kwana, ga hazo, ga manyan motoci masu nufar iyakar Kwango. Mai keke in ya sako gangara, birki ba ya tsayar da shi nan take, kuma birai kan zauna a bakin titi. Dajin nan UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2023. Don Allah a ƙayyade gudu a can, a hana yar da robobin ruwa.