Mai gabatar da labarun Hausa a talabijin ba tafinta kaɗai ba ne

A Damagaram, daga Birni zuwa Zango har Garin Malam, kusan kowane gida mai akwatin talabijin ya san fuskar wanda ke karanta labarun Hausa a Télé Sahel, gidan talabijin na gwamnatin Nijar, har tsofaffi na ambatonsa kamar wani ɗan dangi. Amma idan ana lissafin manyan ƴan jarida, sai hankali ya koma kan mai gabatar da labarun Faransanci na ƙarfe takwas da rabi na dare, a bar na Hausa a matsayin mai fassara abin da wasu suka rubuta. A ganina wannan rashin adalci ne, domin aikinsa ya fi wuya, kuma kuskurensa ya fi saurin isa kunnen talaka.

Hanyar zuwa wannan kujera doguwa ce. Da yawa suna farawa ne a rediyon jiha ko a tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani da Shukura, inda ake koyon riƙe murya da kiyaye lokaci. Wanda ya samu hali ya wuce makarantar koyon aikin jarida da a da ake kira IFTIC a Yamai, kusan kilomita 900 daga gida, ya yi zaman koyon aiki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya kwashe shekaru yana bin tarurruka da makirufo a hannu kafin a yarda ya zauna gaban kyamara. Mace kuwa tana ɗauke da ƙarin kaya, domin masu kallo sukan fara tattauna ɗaurin kallabinta kafin su saurari abin da ta faɗa.

Wahalar gaskiya tana cikin takarda. Sanarwar taron majalisar ministoci da Faransanci take zuwa, cike da kalmomin ofis, sau da yawa kuma a ƙurarren lokaci. Mai labarun Faransanci zai iya karanta ta yadda take, ya tashi lafiya. Na Hausa dole ne ya fahimce ta tukuna, domin ba a iya faɗin abin da ba a gane ba da harshen da kowa ke ji. Mu ɗauki kuɗi kawai. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi: sefa 5 dala ɗaya ce, sefa 500 dala ɗari, sefa 1000 kuma jika guda. Idan gwamnati ta ƙayyade farashin buhun shinkafa ko litar mai, mai gabatarwa ya yi sakaci wurin juya adadin, washegari a kasuwar Dole za a yi ta musu tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa na cewa a tele ya ji. Ga kuma zaɓen kalma, domin Hausar Damagaram ba ita ce ta Adar ko ta Arewa ba, kuma kunnen mutane ya saba da Hausar Kano ta gidajen rediyon ƙetare. Dole ya nemo maganar da manomin Mirya da makiyayin Tanut da ɗan kasuwar Konni za su ji ba tare da sun ce an yi musu gwaranci ba. Wanda ke yanke irin wannan hukunci kullum edita ne, ko da ba a rubuta hakan a takardar albashinsa ba.

Akwai kuma nauyin siyasa. A 1996 da 1999 da 2010 mulki ya sauya hannu da ƙarfin soja, haka kuma a daren 26 ga Yulin 2023 ta Télé Sahel ce sojoji suka sanar da kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Duk lokacin da aka yi haka, mai gabatarwa yakan koma kujerarsa, ya karanta sunayen sababbin shugabanni da muryar da ya karanta na jiya. Masu ce masa ɗan amshin shata suna manta cewa ba shi ke tsara jerin labarai ba. Sai dai ba zan wanke shi sarai ba. Hausa harshe ne mai arzikin kirari, mu kuma a garin da ke da fadar Sarkin Damagaram mun san daɗin yabo idan gwani ya rera shi. Jarabar ita ce jumlar da ta zo da Faransanci ba gishiri ta fito da Hausa da ado, gwamna ya zama gwarzo, ziyarar gani da ido ta zama gagarumar nasara. Sanƙira yana da gurbinsa mai daraja a bikin aure da ƙofar fada, amma teburin labarai ba wurinsa ba ne.

Kundin sake gina ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan da gaske ake, ɗakin labarai na daga cikin wuraren farko da ya kamata a ga sauyi. A ba sashen Hausa wakilansa da kyamarorinsa, ya rubuta rahoto da Hausa tun daga tushe, ta yadda labarin ƙarancin ruwan sha a Damagaram ko na matatar man fetur ta SORAZ zai fito daga bakin mutanen da abin ya shafa, ba sai ya je Yamai ya sa rigar Faransanci ya dawo ba. Jami'ar André Salifou da ke nan garin za ta iya haɗa malaman harshe da tsofaffin masu gabatarwa su tattara kalmomin aiki, tun kafin waɗanda suka ƙirƙiro su a gaban kyamara su yi ritaya da su a ka. Matasan da ke zaune a fada, wato majalisar hira ta unguwa, suna shan shayi sun riga sun ji labarin a saƙon murya na WhatsApp tun da rana, kuma abin da ke sa su ɗaga kai su dubi tele da dare shi ne su tabbatar ko gaskiya ne.