Tsuntsun Kenya a kan falwayar Agege

Ƙanena ne ya jawo min. Ya dawo daga Nairobi yana nuna mana hoton wani tsuntsu a waya: ƙirji shunayya, ciki shuɗi, ga dogayen gashi biyu a wutsiya kamar tsinke. Wai a gabashi da kudancin Afirka yake zaune, cikin daji mai itatuwa jefi-jefi, yana yin ƙwai a kogon bishiya.

Na ce, "Kai yaro, wannan ai tsanwaka ce! Muna yara a Katsina, in an sa wa daji wuta, ita ke bin hayaƙi tana cafke fara."

Ya ce, "Yaya, dangi ɗaya ne, amma taku ba ta da wannan ƙirjin. Wannan ba ya zuwa Najeriya."

Girman kai ya hana ni yin shiru. Na ce ko a nan Legas sai na nuna masa, wanda ya sha kaye shi zai sayi tsire.

Ranar Laraba da la'asar, ina dawowa daga kasuwar Mile 12, sai ga abu a ƙolin falwayar layinmu a Agege: shuɗi da shunayya, ya yi tsit. Dama yaron ya ce haka yake, ya hau wuri mai tsawo ya zuba wa ƙasa ido, da ya hango fara ko kunama ko ƙadangare sai ya diro. Na ruga gida, na ɗebo soyayyiyar farar da aka aiko wa uwargida daga Maiduguri, na watsa a gindin falwaya, na ɗaga kai.

A Legas kuwa, in ka ɗaga kai sama, ka tara jama'a. Kafin minti biyar ga mai burodi, ga 'yan acaɓa biyu, har da wani kwandastan danfo da ya bar fasinjojinsa. Hankaki uku suka sauko suka share farar tas, tsuntsuna ko motsi.

Can iska ta kaɗa, abin ya taho ƙasa yana juyi. Na tuna an ce namijin yakan yi alkafura a sama lokacin neman mace. Na daka tsalle, "Ga alkafurar! A kira min shi!"

Ya sauka a kan takalmina. Ɗankwalin atamfa ne. Maƙwabciyarmu ta ratso taro ta ɗauka, ta karkaɗe, ta ce tun safe take nemansa daga igiyar shanya, ta yi min godiya har da durƙusawa.

Ban gama biyan mai tsire ba, wayata ta yi ƙara. Uwargida ce: "Malam, wa ya taɓa min farata?"