Zaki bisa akuya

Ni dai tun ina firamare ake zuga ni wai ina da hannun zane, to zugar nan ce ta kai ni ta baro. Cikin watan Afirilu na ga wani bature a YouTube yana zana zaki a kan fatar nan mai laushi da suke ce ma suwed, wato cikin fata ne da aka goge har ya tada ɗan gashi-gashi, ba bayan nan mai sheƙi ba. Na ce haba, mu da ke Sakkwato garin jar akuya, fatar da tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙa mata sunan fatar Maroko, ai mu ya kamata mu koya mishi.

Na sa abokina ya sawo min fensir mai narkewa da ruwa na Faber-Castell daga Kano, da kireyon shi ma mai narkewa, kuɗin dai har yau uwargida ba ta san gaskiyarsu ba. Na wuce Madunka, unguwar masu aikin fata, wurin wani dattijon baduku na ce Baba fata nika so zan yi zane. Ya ce "Zanen mi?" Na ce zaki. Ya aje basilla ya ƙare min kallo ya ce "Zaki bisa akuya? To ɗana, Allah shi raba su lahiya."

Ƙa'idar abin wai hawa-hawa ake yi, ka fara da launi mai haske kana bin yadda gashin fatar ya kwanta, sannan ka riƙa ɗora mai duhu a kai. To ni ja na saya saboda kishin gida, ashe rawaya ba ta fitowa a kan ja sai an shimfiɗa fari tukuna, na yi ta gurzawa fata na haɗiyewa kamar ana zuba kunu a rairayi. Kuma fatar nan ba ta yafiya irin ta takarda, kuskure ɗaya na yi a kunne na sa kilina, wurin ya yi sanƙo fes, dole na ƙara ma kunnen tsawo don in rufe, sai ɗayan ya koma ƙarami shi ma na ja shi. Kwana uku ina duƙe a zaure, hawa shida na yi, amma fa ido ya fito, ni kaina in na kalle shi sai gabana ya faɗi.

Sai batun ruwa. Baturen cewa ya yi burushi ya ɗan yi danshi kawai, ni kuma ba ni da burushin zane, na ɗauko tsohon burushin haƙori na tsoma a moɗa na shafa da ƙarfin hali. Innalillahi! Baƙin da ke geza ya taso ya gangaro ta hanci ya taru a haɓa ya zama gemu, fatar kuma ta yi wani dabbare-dabbare. Cikin ruɗewa na ruga na shanya ta kan kwanon ɗaki da azahar, azahar ɗin Sakkwato cikin bazara fa, zafi ya haura digiri 40. Kafin la'asar kakin kireyon ya saki, fata ta ƙandare ta naɗe kamar kilishin da ya kwana biyu.

Na dai daure na kai ma Inna don uwa ba ta kushe ɗanta. Ta matso da ita kusa da ido, ta juya ta sama ta juya ƙasa, ta ce "Masha Allah. Wanga bunsurun wa na?" Ɗiyata ta ce a'a Inna jaki ne, ba ki ga kunnuwa ba.

Washegari na koma wurin Baba ko akwai gyara. Ya lanƙwasa fatar ta yi ƙara ƙas, ya ce "Ai akuya ta ci." Wai in bar mishi ya yanka kuben wuƙa, na ƙi.

Yanzu haka tana madafa, da ita ake fifita gawayi. Jiya ina zaune da baƙi a zaure na ji uwargida ta ɗaga murya, "Baban Hauwa, ina kak kai zakinka? Wuta za ta mutu!"