Keken ya fi amfani a ƙarƙashin talaka

An sake yi. Wata tawagar mahaya kekuna ta ɗaura hular kwano, ta saka riguna iri ɗaya masu ƙyalli, ta kama hanyar dubban kilomita wai don wayar da kan duniya game da talauci. Kullum da yamma sai a watsa hotuna a Facebook da Instagram: ga gumi, ga taya ta yi faci, ga yaran ƙauye suna ɗaga hannu a bakin titi. Hoton yaran nan ne ya fi tsaya mini a rai. An ɗauke su an wuce, ƙura kawai aka bar musu.

Wai kan wa ake wayarwa? Bankin Duniya ya daɗe yana ƙidayar matalauta. A watan Yunin 2025 ma ya ɗaga ma'aunin matsanancin talauci daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana, kuma sama da mutum miliyan 800 ne ke ƙasa da wannan layin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 17 ga Oktoba don batun, ta kuma sa shi a sahun farko cikin muradun da take son cimmawa kafin 2030. Gwamnatoci sun sani sarai. Shi kuwa talaka mai ɗaki ne, ya fi kowa sanin inda yake masa yoyo.

A ɗan yi lissafi mana. Misali, daga Alƙahira zuwa Cape Town kusan kilomita 12,000 ne, wata huɗu ana taka feda. Akwai tikitin jirgi, motar rakiya, makanike, tantuna, inshora. Wanda zai iya ajiye aikinsa wata huɗu ya biya wannan duka, yawon buɗe ido ya fita, kuma babu laifi a ciki in da zai kira shi da sunansa. Masu kare abin za su ce ai ana tara gudummawa a hanya. To su fito da abin da aka kashe a ajiye shi kusa da abin da aka tara, mu ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Abin takaicin shi ne keke da gaske yana yaƙar talauci, amma sai in talakan ne a kan sirdi. A 2006 jihar Bihar ta Indiya ta fara bai wa 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash sun bi diddigin shirin, suka gano shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kusan kashi 32 cikin ɗari. Keke ya rage lokacin da tafiya makaranta ke ci, sai fargabar nisa ta ragu. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005 bayan ambaliyar tsunami, tana ƙera keken Buffalo mai ɗaukar kilo 100 a kariya, ta raba wa ɗalibai da manoma da ma'aikatan lafiya na karkara, ta kuma horar da masu gyara.

Su kuwa kekunan tawagar, masu siririyar taya da giya ashirin, ko buhu ɗaya ba za su ɗauka ba. A sayar da su, a haɗa da kuɗin jirgin, a sayo irin masu ƙarfin. In ƙafa na ƙaiƙayin feda, kowa ya zagaya unguwarsu.